Ɗakin Mai Takaba

Kwanan baya ina zaune a teburin mai shayin unguwarmu, sai na ji samari suna ta dariya wai sun yi wa wani abokinsu ibikshan. Na ajiye kofi na juyo, domin kalmar ba baƙuwata ba ce, da ita na ci tuwo har na yi ritaya. Na tambayi Nura, ɗan ƙanwata, daga wane gida aka fitar da bawan Allah.

"Haba Kawu, wane irin gida? Daga guruf ɗinmu na waya muka cire shi, surutunsa ya ishe mu."

Na ce to madalla, duniya ta zo da sauƙi. Shi kuma da yake bakinsa ba ya shiru, sai ya ƙara da cewa da zai samu irin aikin da na yi a kotu ai da ya more. Wai mene ne a ciki? Ka ɗauki ɗan sanda, ka watso kaya waje, ka danna kwaɗo, ka koma ofis ka sha fanka. Na koma kan shayina, don yana hucewa. Amma maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa na zauna nake rubuta wannan, ko shi da abokansa za su ɗaga kai daga waya su karanta.

Kalmar ibikshan ta Turanci ce, kuma a takardun kotu muka san ta. Ma'anarta fitar da mutum daga gida ko shago ko filin da yake zaune a ciki, da ƙarfin doka, bayan mai shari'a ya saurari kowa ya yanke hukunci. Notis ɗin da mai gida ke ba ɗan haya ba ita ba ce, wannan gargaɗi ne kawai. Mai gidan da ya turo kafinta ya kware wa ɗan haya kwano ko ya cire masa ƙyaure, shi ma ba ita ya yi ba, doka ya ɗauka a hannunsa, kuma na ga waɗanda suka kwana a caji ofis a kan haka. Lauyoyi na son furta ta, suna wani jan ta kamar alewa. Mu a nan Daura cewa muke an tashi wane, kowa kuma ya gane. Wanda ake ba takardar ya je ya zartar shi ake kira belif, aikin da na yi ke nan.

Da masinja na fara, ina kai sammaci a kan keke, wata rana cikin gari, wata rana har ƙauyukan Sandamu. Daga nan aka haɗa ni da Baba Tanimu, tsohon belif ɗin kotunmu, wai in riƙa riƙe masa jaka. Dogo ne siriri, ba ya sauri, ba ya ɗaga murya, haƙoransa sun rine da goro. Tunda nake da shi ban taɓa jin kalmar nan ta Turanci a bakinsa ba. In an miƙa masa takardar sai ya ninke ta ya sa a aljihu, ya ce mini, "Isuhu, gobe muna da nauyi." A jakar akwai guduma da sukudireba da filaya da igiya da sabon kwaɗo, sai ƙullin goro a cikin jiƙaƙƙen algarara. Gudumar takan daɗe ba a taɓa ta ba. Goron kuwa kullum sai an sake sayo shi, don da shi muke gaida mai unguwa da dattijuwar da za ta shiga cikin gida a madadinmu.

Aikin farko da na bi shi wani gida ne a lungun da ke gangarawa wajen Kusugu. Mun isa da hantsi, mu da ɗan sanda da 'yan dako da kurarsu. Ni duk na ƙagu a fara. Baba Tanimu ya dubi saman katanga, ya ga hayaƙi na tashi, sai ya nemi inuwa ya zauna ya miƙe ƙafa.

Ɗan sandan ya ce, "Baba, lafiya dai?"

Ya ce, "Tukunya na kan wuta. Sai sun sauke sun ci."

Haka muka zauna har yaran gidan suka fito suna suɗe hannu. Sannan ya aika aka kira mai unguwa, aka samo wata dattijuwa ta shiga ta sanar da matan, ta raka su maƙwabta ta ƙofar baya don kada su fito a idon jama'a. Kwanonin jere da kayan gado mata ne suka ɗauko, namiji bai taɓa su ba. 'Yan dako suka fara da manyan kaya, kuma ba a jibge komai a kan titi, kai tsaye cikin kura ake sawa. Mai gidan ya zo da wasu ƙarti masu sanduna wai su taya mu, Baba Tanimu ya ce ko su tafi ko shi ya tafi. A ranar na gane ba ƙarfi ake nema a aikin ba. Mutumin da ka fitar yau, jibi da shi za ka tsaya sahu ɗaya a masallacin Juma'a, wataƙila ma 'yarsa ɗanka zai aura.

Na ga mutane iri-iri a sana'ar nan. Akwai wanda da ya ji sallamarmu ya haye gado ya lulluɓa yana nishi, muka ɗauko shi da gadon gaba ɗaya, da rana ta buge shi ya warke. Akwai wanda ya tsere tun da safe ya bar mana awaki uku da agwagi, na wuni ina neman dusa. Akwai masu zagi, waɗannan ba su da wuya, zagin na ƙarewa suke fara ɗaure kaya. Masu wuya su ne masu yin shiru, su shimfiɗa maka tabarma, su kawo maka ruwa. Sai dai ka kurɓa ka ajiye. Duk da haka ina kewar zamanin, wallahi ina kewarsa. Aikin ba ya zuwa sai jefi-jefi, kuma sau da yawa kafin ranar ta zo Baba Tanimu ya riga ya bi ta wajen dangi da mai unguwa an samo wa mutum inda zai koma, mu dai mu je mu shaida an ba da makulli.

Mummunar shekarar ta zo ne bayan Allah ya yi wa Baba Tanimu rasuwa, jakar ta dawo hannuna. Shekarar ce aka fara mai da gidajen bakin titi shaguna. Magada suka yi ta sayar da gidajen iyayensu, masu saye kuma ba 'yan haya suke so ba, fili suke so. Aikin da muke yi jefi-jefi ya koma kusan kowane mako. In na biyo lungu da jakar nan sai ka ga mata na janye yaransu. Har mai furar da nake ciniki wurinta ta daina yi mini ƙari.

Cikin wannan hali aka ba ni takardar wani gida a hanyar kasuwa. Wani ɗan kasuwar hatsi, Alhaji Mati, ya saye shi zai yi shaguna. Wanda ke ciki kuwa Malam Hamisu ne mai gyaran rediyo, ya daɗe yana haya a gidan tun zamanin mai shi na farko, a zauren yake aikinsa. An yi shari'a, an ba shi wa'adi, wa'adi ya cika. Na shirya kamar kullum, na ɗauki ɗan sanda da 'yan dako. Muna shan kwana na hango tabarmi a naɗe jingine da bango, da butoci a jere. Kowa ya san abin da wannan ke nufi.

Mai unguwa Ilu ya tare ni tun kafin in yi sallama. Ya ce, "Isuhu, ashe ba ka ji ba? Malam Hamisu ya rasu, jiya aka share makoki. Matarsa Hajara na ciki, ta shiga takaba."

Na tambaya ko akwai 'ya'ya. Ya ce Allah bai bar musu ko ɗaya ba, danginta kuma suna can wani ƙauye bayan Sandamu. Aka kira Gwaggo Abu, dattijuwar da ke maƙwabtaka da su, na ba ta goro ta shiga. Ba ta jima ba ta fito ta ce mai takabar na son magana da ni da kanta. Na tsaya a ƙofar zaure ta ciki, ita tana bayan katanga, ba na ganinta.

Na ce, "Malama, ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Malam."

"Amin. Kai ne na kotun?"

"Ni ne."

"Na san da zuwanku, tun yana kwance yake faɗa. Kaya ku kwashe, ba zan hana ku ba. Amma ni a ɗakin nan ya bar ni, a nan zan yi masa takaba. In na gama ko ba ku zo ba zan fita."

Ba kuka a muryarta, ba faɗa. Da zagina ta yi da na fi samun sauƙi.

Ga matasan da ba su sani ba, matar da mijinta ya rasu tana zama wata huɗu da kwana goma a gidan da rasuwar ta same ta, ba ta kwana a wani wuri. Na ɗauka wannan kaɗai zai tsayar da aikin, sai na sa aka kira limamin unguwa. Liman ya saurare mu, sannan ya ce gaskiya ɗaya ce. Gidan ba na mamacin ba ne, wa'adin hayarsa kuma ya ƙare, don haka in mai gida ya ce ta fita, babu laifi a kanta ta je ta ƙarasa a wani wuri. Ya ce abin da ya rage roƙo ne kawai.

Alhaji Mati na tsaye yana jin komai. Ba zan ce mugun mutum ba ne, ko da yake a ranar na ji haushinsa. Ya nuna mini bulo da yashi da ya tara a gefen titi.

Ya ce, "Malam Isuhu, dubi nan. Na ɗauki magina, damina ga ta nan tafe. In na tsaya wata huɗu siminti zai daskare, magina su kama wani aikin. Ni na kashe mata miji? Kotu ta ba ni gidana, kai kuma an aiko ka ka ba ni."

Duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Amma na dubi Gwaggo Abu, na ce ko za ta shiga ta fito da ita, ta ce sai dai in nemi wata, ita hannunta ba zai yi ba. Ni kuma ba a haifi namijin da zan tura ya kama mai takaba ba. Na sallami 'yan dako, na koma ofis da takardata a aljihu.

Rajistaranmu ya wanke ni tas. Ya ce ni ba alƙali ba ne, ba liman ba ne, hannu ne kawai na kotu, kuma ranar da kowane belif zai riƙa zaɓen hukuncin da ya yi masa daɗi, ranar an rufe kotu. Ban musa ba, don ya fi ni gaskiya. Ya ce in je in gama kafin mako ya fita, ko a ba wani takardar ni kuma in amsa tuhuma. Wanda za a ba ɗin na san shi, mutum ne mai saurin hannu, ba ya duban hayaƙi.

Washegari na koma gidan ba tare da na san abin da zan yi ba. Na iske Ɗanjuma, shugaban maginan Alhaji, yana awo da igiya. Na tsaya ina kallonsa, muna ɗan taɓa hira, sai na tambaye shi ta ina zai fara. Ya ce ta gaba mana, ai shagunan a bakin titi suke. Na ce ɗakin matar fa? Ya ce wancan na kusurwar baya? Sito za a yi a wurin, shi ne ƙarshen abin da zai taɓa.

Da wannan maganar muka je wa Alhaji, ni da Ɗanjuma da mai unguwa da liman. Ya yi ta kai da kawo, ya ce mun haɗe masa kai, ya ce shi kullum shi ake cuta. Daga ƙarshe ya ce, "Ɗaki ɗaya da banɗaki. Sauran gidan yau nake so. Ranar da ta fita takaba kuma kada azahar ta same ta a ciki. Kai ne shaida, Isuhu, in ta saɓa wuyanka zan kama." Na ce na yarda. Ya je da kansa ya gaya wa rajistara ya amince a jinkirta, amma hakan bai hana a rubuta mini tuhuma ba, kuma ƙarin girman da nake sa rai a shekarar ya wuce ni. Na ji zafinsa ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

A ranar muka kwashe zaure da sauran ɗakuna. Tsofaffin rediyoyin marigayin kaɗai sun cika kura guda, aka kai su gidan mai unguwa. Muka kewaye ɗakin Hajara da zana, magina suka sa diga. Kafin wata ya ƙare gidan ya zama fili, sai ɗakin ƙasa guda ɗaya tsaye a kusurwa, ga tarin yashi, ga tsakuwa, ga lebura na ta kai da kawo. Gwaggo Abu ce ke kai mata ruwa da cefane, ita ke taya ta kwana. Ɗanjuma ya hana yaransa kunna waƙa da zagin juna a kusa da zanar.

Abin da ba mu lissafa ba shi ne ruwan sama. Ɗakin ƙasa da 'yan'uwansa yake tsayuwa, in ka rushe na gefensa ka bar shi tsirara. Da damina ta kankama sai bangon gabas ya fara zaizayewa, wata tsaga ta fito daga sama. Ɗanjuma ya aiko mini, na bar ofis na zo. Muka tokare bangon da azara, muka yi masa sabon yaɓe, washegari ruwa ya wanke. Duk sanda hadari ya haɗo ina ofis, hankalina ba ya jikina, don ni na kawo shawarar, in ɗakin ya faɗa mata ban san inda zan sa kaina ba.

Alhaji Mati ma tsoro ya kama shi. Sai ga shi da tampol sabo fil a bayan babur, irin wanda yake rufe buhunan hatsinsa. Ya tsaya a bayan zana ya yi sallama.

Ya ce, "Baiwar Allah, ki yi wa girman Allah ki fito. Akwai ɗaki a gidana, ki zauna da iyalina ki ƙarasa. Liman ya ce ya halatta."

Ta ce, "Na gode, Alhaji, Allah ya saka da alheri. Saura kaɗan. Ɗakin nan ya riƙe mu shekaru, ba zai gaza yanzu ba in Allah ya so."

Ya juyo ya dube ni kamar ni na koya mata. Sannan ya tuɓe babbar riga, ya kama gefen tampol ɗin, muka ja shi tare muka rufe bangon, muka danne da bulo. Haka muka yi ta lallaɓa ɗakin nan kamar mai jinya har ruwa ya fara ja baya.

Ranar fita takaba na zo da wuri, ban ɗauko ɗan sanda ba, ban ɗauko 'yan dako ba. An yi 'yar sadakar waina, an raba wa maƙwabta da lebura. Wanta ya zo daga ƙauye da a-kori-kura, ya shigo da ita ta lungun gefe inda katanga ta faɗi, ya tsaya dab da zanar. 'Yan kayanta ba su da yawa, nan da nan mata suka loda su. Shagunan gaba kuwa sun kai linta, sai dai Ɗanjuma bai toshe bayan na tsakiya ba, don ta nan ake shigo da kayan aiki. A daidai wurin ne zauren yake a da.

Gwaggo Abu ta ɗage zana, Hajara ta fito. Ranar na fara ganinta, 'yar ƙaramar mace mai furfura a gefen kallabi, sanye da wankakken zane. Ta tsaya tana kallon filin da ta sani gida ne. Mota na gabanta, taku kaɗan ne ta shiga. Wanta ya buɗe mata ƙofa yana cewa ta zo.

Ba ta nufi motar ba. Ta juya ta bi ta tsakiyar filin, ta kewaye tarin yashi, ta karkata daidai inda bangon madafa yake a da, ko da yake babu komai a wurin yanzu. Lebura suka ajiye kwanonin siminti suka ba ta hanya. Ta shiga shagon tsakiya ta baya, ta ɗan tsaya a gefen dama inda teburin mijinta yake zama, sannan ta fita ta gaba zuwa bakin titi. A nan ta juyo ta ce mana, "Mun bar ku lafiya. A yafe mu." Dole wanta ya ja mota ya zagayo ya same ta.

Alhaji Mati na kusa da ni. Ya sunkuyo ya tambayi Gwaggo Abu a hankali, "Gwaggo, me ya kai ta wannan zagaye, ga mota a ƙofar ɗaki?"

Ta ce, "Ta nan aka shigo da ita amarya, ta nan aka fita da Malam."

Motar ta sha kwana. Ɗanjuma ya ɗauki diga ya nufi ɗakin, Alhaji ya ce masa a bari sai gobe.